Hannun Dogo Mai Faifai

Dogo ake ce masa, ko da yake ba wani tsayi ne da shi na a zo a gani ba. Tun yana wankin mota a bayan tasha aka liƙa masa sunan, domin shi kaɗai ke iya kai soso tsakiyar rufin bas ba tare da ya taka taya ba. Da ya bar wankin mota ya koma wankin ƙasa, sai aka ƙara masa da Mai Faifai, sunan ya bi shi har cikin gidan hayar da yake zaune.

Faifan nan wani zagayayyen murfi ne na ƙarfe, faɗinsa ya ɗan fi bakin durom, da ƙananan tayoyi da mariƙi irin na keke. A ƙarƙashinsa akwai sanda mai juyawa, an ɗaura wa kowane ƙarshenta nozul, wato ɗan guntun ƙarfe mai ƙaramin rami inda ruwa ke fitowa. Inji ya turo ruwa ta tiyo da ƙarfin gaske, ruwan ya fita ta nozul biyun a karkace, sandar ta kama juyawa har ido ba ya ganinta. Mai aikin sai dai ya tura faifan a hankali, duk inda ya bi ya bar siminti fes a bayansa. Gidajen mai, garejin motoci, kasuwar kifi, duk inda dauɗa ta kama ƙasa ta fi ƙarfin tsintsiya, nan ne wurin cin abincin Dogo.

Wurin wani dattijo ya koya, wanda kowa ke kira Tsoho. Mutum ne mai faɗa da tsokana a lokaci guda. Kunnensa ɗaya ya riga ya mutu saboda ƙarar inji, don haka ko gaisuwa da ihu yake yin ta. Yana da gwangwanin madara cike da nozul, kowanne da lamba a jikinsa, wadda sai ka tofa yawu ka murza da babban yatsa kafin ka gan ta. Ranar farko ya juye su a tafin hannun Dogo.

"Ka gan su kamar ba komai ko? To duk sana'ar tana nan. Injinka bakinsa ɗaya, faifanka bakinsa biyu. Ruwan da injin ke iya turowa sai ka raba shi biyu, kowane nozul ya ɗauki rabi. Ka sa manya, ruwan ya zama fitsarin jariri, sandar ta yi ta lilo. Ka sa ƙanana, ka shaƙe injin, kuma ka yi wa mutane zane a ƙasa."

"Baba, to ta ina zan gane daidai?"

"Ta kunne mana. Ni da saura ɗaya ina ganewa, kai mai biyu me zai hana ka?"

Bai gane ta kunnen ba sai da ya tafka ɓarna. Wata rana Tsoho ya bar shi shi kaɗai a wurin wata mata mai otal da ta yi sabon daɓe a harabarta. Dogo na son ya burge, ya cire nozul masu faɗin feshi, waɗanda ruwansu ke bajewa kamar bakin tsintsiya, ya ɗaura masu tsini. Da ƙasar ta bushe sai ga zobba-zobba, layi a kan layi, tun daga ƙofa har bakin baranda, ruwan ya cinye fuskar simintin. Matar ta riƙe ƙugu ta ce ita wanki ta ce a yi mata, ba ta ce a kawo mata jakin dawa ba. Tsoho ya ba ta haƙuri har da durƙusawa. A hanya kuma ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya kai wa Dogo ranƙwashi.

Daga nan Dogo ya nutsu. Ya gane sabon siminti lallaɓa shi ake yi, tsohon da ya sha baƙin mai kuma sai an jiƙa shi da sabulu kafin a kawo faifai. Ya gane nozul ma tsufa yake yi, raminsa na buɗewa da kansa har ka ga ƙarfin ruwa ya ragu ba ka san dalili ba. In ya canza ɗaya sai ya canza ɗayan, don in suka bambanta faifan rawa yake kamawa kamar mai jin sanyi. Kafin ya ɗora hannu a kan aiki sai ya tsuguna ya shafa ƙasar da tafinsa, ya karce ta da farce, sannan ya buɗe gwangwani ya zaɓa.

Da gwiwoyin Tsoho suka ƙi shi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi garin da take aure. Ya bar wa Dogo injin da faifan da gwangwanin, ya ce da ya sayar wa wawa gara ya bar wa rabin wawa. Can ya rasu, labarin ma bai iso ba sai bayan an binne shi.

A lokacin Dogo ya riga ya yi aure, yana da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ɗaki ɗaya suke da shi da ɗan baranda, a wani dogon gida mai ƙofofi a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Matarsa tana ɗinki da keken ƙafa a gefen taga. Injin a cikin ɗakin yake kwana, bayan ƙofa, saboda ɓarayi, shi ya sa komai nasu warin fetur yake yi, daga filo har kayan makarantar yaran.

"Baban yara, wannan baƙon naka yaushe zai tafi ne?" ta kan ce in ta yi tuntuɓe da tiyo.

"Ke dai ki riƙa gaishe shi. Shi ke ciyar da mu."

Aikin ya ci jikinsa a hankali. Ƙafafunsa kullum a jiƙe cikin takalmin roba, tsakanin yatsun ya yi fari ya tsattsage. Kunnuwansa suka fara ƙara ko da inji a kashe yake. Hannun damansa, wanda ke matse kunamar mariƙin faifan yini guda, wato ɗan ƙarfen da ke sakin ruwan, ya fara sandarewa; da safe sai matar ta buɗe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan ɗumi. Don ya huta da matsewar, ya yanko roba daga tsohon tubun taya, ya riƙa ɗaure kunamar da ita, ruwa ya yi ta fita ba sai ya riƙe ba.

Babban aikinsa shi ne mayankar da ke bayan kasuwa. Kullum da rana, in mahauta sun gama, ƙasar wurin takan zama jini da kitse da kashin hanji, sun daskare a kan siminti, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ba kowa ke iya jure warin ba. Dogo ya jure, shi ya sa aikin ya zama nasa shekara da shekaru.

Sai injin ya fara gajiya. Ruwan ba ya cin kitse kamar da, sai ya bi wuri sau biyu, sau uku. Ya tura shi a baro zuwa wurin bakanike. Bakaniken ya buɗe famfon da ke matsa ruwan, ya tsoma yatsa, ya girgiza kai.

"Cikinsa ya cinye, Dogo. Sai an sake masa kayan ciki gaba ɗaya, kuma kayan sai an aiko da su daga nesa. Ka bar mini shi nan."

"Har yaushe?"

"Har su iso. Ni ba ni ke tuƙo motar ba."

Dogo ya san in mayanka ta kwana biyu ba a wanke ba, manajan wurin wani zai kira, kuma wanda ya shiga ba ya fita. Ya mayar da injin kan baro. A hanya ya tsaya shagon kayan inji. Mai shagon ya saurare shi, ya jawo wata 'yar leda.

"Rage bakin nozul ɗin kawai. Ka sa ƙanana, ƙarfin zai dawo kamar sabo."

"Ƙarfin ƙarya ne wannan. Shaƙe shi zan yi."

"To ka bar shi wurin bakanike."

Dogo ya daɗe yana juya ledar a hannunsa, sannan ya sa ta a aljihu.

Ƙarfin ya dawo kuwa. Amma ramin sababbin nozul ɗin bai fi tsinin allura ba, ruwan tankin mayanka kuma yashi ne da tsatsa a cikinsa. Kowane ɗan lokaci sai ɗaya ya toshe, faifan ya kama rawa, Dogo ya kashe inji, ya kifa faifan, ya zaro allurar da ya soke a wuyan rigarsa ya tsokale ramin. Ya ɗaura tsumma a bakin tiyon da ke jan ruwa don ya tace, bai hana ba. Mahauta suka samu abin tsokana.

"Dogo, ka koma ɗinki ne? In ka gama da faifan ga wandona ya yage!"

Ranar da abin ya faru, rana ta take, manaja na ta zarya a bakin ƙofa saboda motar da za ta kawo wasu shanun ta kusa isowa, ga rabin wurin ba a wanke ba. Sai sandar ta tsaya cak. Nozul biyun suka toshe lokaci guda, injin ya yi wani gurnani. Dogo ya kashe shi da sauri. Ya san in an kashe inji ruwa na nan a matse a cikin tiyo, sai an danna kunama ya fita. Amma kunamar a ɗaure take da roba, a buɗe, don haka a ransa babu sauran ruwa. Ya manta bakin biyu duk a toshe suke, ruwan bai samu hanyar fita ba.

"Dogo, don Allah ka yi sauri!" in ji manaja.

Ya kifa faifan, ya tallafe sandar da hannun dama, ya soka allura da hagu. Sai ji aka yi tas, kamar an fasa ƙaramin ƙwan fitila. Ruwan ya harbo ya shige tsakiyar tafinsa.

Ya yarfe hannun, ya duba. Wani ɗan ɗigo ne ja, bai fi cizon sauro ba, ko jini bai fito sosai ba. Wani mahauci ya leƙo ya yi dariya, ya nuna masa tabon wuƙa a damtsensa, ya ce wannan shi ake kira ciwo. Dogo ma ya yi dariya. Ya ɗaure wurin da tsumma, ya ta da inji, ya gama aikin kafin motar ta iso.

Da yamma matar ta ga yana cin abinci da hagu.

"Me ya samu hannun?"

"Ruwa ne ya ɗan taɓa ni."

Ta kwance tsumman. Tafin ya kumbura ya yi tauri, yatsun sun yi fari, in ta danna sai ta ji kamar akwai iska a ƙarƙashin fatar.

"Baban yara, wannan ba ɗan taɓawa ba ne. Mu je asibiti."

"A kan wannan ɗigon? Su yi mini dariya?"

Washegari ya biya kemis, aka ba shi maganin ciwo da man shafawa. Ya je aiki, ya tura faifan da hannu ɗaya da ƙirji. Haka ya yi kwanaki yana cije baki. Kumburin ya haura wuyan hannu, zazzaɓi ya rufe shi, yatsu biyu suka fara yin baƙi. Ranar da ya kasa tashi daga katifa, wari ya cika ɗakin har ya danne na fetur, matar ba ta sake tambayarsa ba. Ta kira maƙwabcinsu mai tasi, suka ciccibe shi.

Likitar da ta duba shi ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi tsoratar da matar. Ta ce ruwa mai ƙarfi irin wannan ƙofarsa ƙarama ce, amma a ciki ya yaga nama ya bi jijiyoyi, ya kai duk dauɗar da ke cikinsa har can ciki. Irin wannan ciwon, in ji ta, a ranar ake buɗe shi a wanke.

"Likita, yanzu fa?" in ji matar.

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu. Amma ba zan ɓoye miki ba, ransa muke nema tukuna, hannun daga baya."

Aka shiga da shi tiyata, aka tsaga tafin har damtse, aka cire yatsu biyun. Aka jira. Baƙin ya ci gaba da hawa. Aka sake shiga da shi. Da ya farfaɗo, hannun ya ƙare ne a ƙasan gwiwa kaɗan, an naɗe dungun da bandeji fari. Ya kalle shi ya daɗe, sannan ya tambayi matar ko ta rufe injin da leda, don rufin ɗakin na yoyo ta wannan kusurwar.

Keken ɗinkin ya tafi a kuɗin asibitin. Da suka dawo gida wurinsa ne kawai a gefen taga, da sawun ƙafafunsa huɗu a kan leda. Mahauta sun zo gaisuwa da ƙunshin nama, wanda ya nuna masa tabon wuƙa bai iya ɗaga ido ba. Manaja ya aiko da gaisuwa. Wani ya riga ya karɓi wankin mayankar.

Dogo ya koma zaman baranda. Yatsun da babu su suna yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu zai sosa ya tarar da iska. Ya zama mai saurin fushi. Ƙaramar 'yar ta daina zuwa kusa da shi tun ranar da ta ga dungun ba bandeji ta ƙwala ihu.

Wata safiya matar ta jawo injin daga bayan ƙofa ta ɗora a baro.

"Ina za ki da shi? Sayarwa?"

"Wa zai saya a haka? Gidan man bakin titi sun ce in akwai mai wanke musu, su ba ruwansu ko waye. Tashi mu je. Ni in tura, kai ka faɗa mini."

"Ke? A gaban mutane, cikin takalmin roba?"

"Mutanen ne za su ciyar da yaran?"

Ya tashi ya bi ta a baya, hannun rigarsa na dama na lilo.

A gidan man ya tsuguna ya shafa ƙasar da hagu. Ya sa ta kwance ƙananan nozul ɗin da sifana, ya ce ta jefa su a kwata. Ya zaɓi manya ya ba ta. Ya sa ta yanke robar da ke kan kunama, ya ce duk lokacin da ta kashe inji ta danna kunamar, in ruwa bai fito ba ta sassauta tiyon daga nesa, kada ta kuskura ta kai hannu ƙarƙashin faifai. Da manyan nozul ruwan ba shi da ƙarfi, aikin da yake yi kafin azahar sai ya kai su la'asar. Direbobi na tsayawa kallo, wasu na dariya, wasu na cewa Allah sarki. Ita ba ta ɗaga kai. Shi kuma yana zaune kan jarka, yana yi mata ihu in ta yi sauri, ihun da wani lokaci ya fi ƙarfin laifin.

Sun yi watanni a haka. Bayanta ya fara ciwo, ƙafafunta suka fara tsagewa irin nasa. Sai wata rana a garejin wani kamfanin motoci famfon ya yi ƙara ya tsage, ruwa da mai suka malale a ƙasa. Bakanike ya zo ya duba, ya ce wannan kam ko kayan sun iso ba abin da za su yi masa. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗora shi a sikeli tare da faifan, suka tafi da su.

Mai kula da garejin ya ga yadda matar ke aiki, ya yi mata hanya a wani kamfanin shara da wanki mai manyan injina da motarsa. Suka ɗauke ta. Dogo ya je shi ma ya ce ko zaɓen nozul da duba inji zai iya yi musu. Suka ce nasu injinan da nozul ɗinsu suke zuwa, ba a canzawa, suka yi masa godiya.

Yanzu ita ke fita da sassafe, mota ta ɗauke ta a bakin titi. Shi ke shirya yaran makaranta. Ya koyi ɗaure mazagin wando da haƙori, ya koyi yanka albasa yana danne ta da dungu, ko da yake ya ƙone sau da yawa wajen sauke tukunya. Matan gidan sun daina kallonsa in ya zo layin famfo da bokiti. Ba ya hira sosai, kuma in ana magana sai an maimaita masa.

Da yamma takan dawo a jiƙe har wuya, ta zauna bakin katifa ba ta iya ko sunkuyawa. Shi ke cire mata takalman. Ya kwashi kayan aikin nata ya kai bakin famfo, ya wanke su a bokiti, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya murɗa ɗaya gefen da hagu har ruwan ya tsane. Ba sa matsuwa sosai. Sau da yawa da safe da sauran danshi take mayar da su jikinta.